Ƙaramar tabilet don kallo da karatu: inda take da amfani da inda take gazawa

A shagunan sai da wayoyin salula na Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, ana ƙara ganin ƙananan tabilet masu allon inci 8 zuwa 9 jere kusa da wayoyi. Wasu iyaye na sayen su don yara, ɗalibai na neman su don karatu, wasu kuma don kallon finafinai da ƙwallo ko sauraron wa'azi. Kuɗinsu ba kaɗan ba ne ga mai ƙaramin ƙarfi, shi ya sa ya dace mutum ya san abin da na'urar za ta iya da abin da ba za ta iya ba kafin ya zaro kuɗi daga aljihu.

A taƙaice, ƙaramar tabilet na'ura ce ta kallo da karatu. A nan ta fi waya nesa ba kusa ba. Amma a ƙasa irin tamu, abubuwa uku ne ke yanke hukunci kan amfaninta: kuɗin intanet, wutar lantarki, da zafi.

Daga ina ta fito

Kamfanin Samsung ya fito da Galaxy Tab mai inci 7 a ƙarshen shekarar 2010. A cikin watan Oktoba na wannan shekara, shugaban Apple na lokacin, Steve Jobs, ya fito fili ya ce tabilet mai wannan girma ba za ta yi kasuwa ba, domin ta yi wa waya girma, ta kuma yi wa iPad ƙanƙanta. Kasuwa ta ƙi bin maganarsa. A 2011 Amazon ya fito da Kindle Fire a kan dalar Amurka 199, a 2012 Google ya biyo da Nexus 7, kuma a watan Nuwamba na 2012 Apple da kansa ya shigo da iPad mini mai inci 7.9.

Tun daga lokacin wayoyi suka yi ta girma. iPhone ta farko, wadda ta fito a 2007, inci 3.5 ne allonta. A yau wayoyin Tecno, Infinix da itel da suka cika hannun jama'a sukan kai inci 6.6 ko fiye. Wannan ne ya sa da yawa ke tambaya: tunda waya ta kusa inci 7, mene ne amfanin ƙara kuɗi a sayi mai inci 8 da wani abu?

Allo ya fi yadda lissafi ke nunawa

Amsar tana cikin yadda ake awon allo, wato ekaran. Ana auna shi ne daga kusurwa zuwa kusurwa, shi ya sa lambar ba ta nuna faɗinsa. Allon waya dogo ne siriri, na tabilet kuma mai faɗi. Idan aka kunna fim a waya mai inci 6.6, hoton ba ya cika allon, sai a ga baƙi a gefe biyu, abin da ake kallo na gaskiya bai wuce wajen santimita 12 a tsawo da 7 a faɗi ba. A tabilet mai inci 8.7 kuwa, kamar Galaxy Tab A9 da Samsung ya fitar a 2023, hoton yakan kai santimita 19 da kusan 11. Filin hoton kenan ya ninka na waya fiye da sau biyu.

Wannan bambanci yana fitowa fili a wurare da dama. Mai kallon shiri mai dogon zango irin su Labarina ko Izzar So, ko fim ɗin Indiya na fassarar Hausa da ke ɗaukar awa uku, ba sai ya kai na'urar bakin hancinsa ba. Rubutun fassara da ke bi ta ƙasan hoto yana karantuwa. Mai kallon ƙwallo yana ganin ƙwallon da lambar ɗan wasa. Lokacin gasar kokowar gargajiya ta takobi, mutum biyu ko uku na iya zama kan tabarma ɗaya su kalli karawa ba tare da sun haɗa kawuna ba.

A wajen karatu ma haka ne. Shafin Alƙur'ani mai layi 15 yana fitowa cikakke, da wasulla da ɗigo a bayyane, ba sai an yi ta buɗa hoto da yatsa ba. Ɗalibin lise ko na jami'a da malamai ke tura wa darussa a PDF ta WhatsApp zai iya karanta shafi guda ba tare da ja hagu da dama ba. Dattawan da idonsu ya fara rauni su ma suna samun sauƙi, tunda ana iya ƙara girman rubutu kuma layi ya ci gaba da ɗaukar kalmomi masu yawa.

Rashin nauyi da sauƙin ɗauka

Fa'ida ta biyu ita ce nauyi. iPad mini ta 2024 giram 293 ce, Galaxy Tab A9 kuma wajen giram 330. Manyan tabilet masu inci 11 sun kusa rabin kilo. Giram 150 ba ya da yawa a ma'auni, amma wanda ya riƙe na'ura awa biyu yana kwance zai ji shi a wuyan hannu. Ƙaramar tana riƙuwa da hannu ɗaya, tana shiga jakar hannu ta mata, wani lokaci har aljihun gaban babbar riga.

Ga matafiyi wannan babban abu ne. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne, tafiyar wuni guda cur a cikin bas. Wanda ya zuba finafinai ko karatu a tabilet zai yi kallonsa, ya bar batirin wayarsa don kira da sanar da ƴan uwa inda aka kai. A gida ma, idan tabilet ta zama ta kallo, wayar uwa ko ta uba na hutawa daga hannun yara, saƙonni da hotunan manya kuma ba sa faɗawa idon da bai kamata ba.

Babban allo, babban cin intanet

Matsala ta farko tana fitowa ne daga wannan allo da aka yaba. Bidiyon da aka rage wa inganci zuwa 240p ko 360p don tsimin mega yana wucewa a waya, amma a tabilet sai ya fito dishi-dishi, fuskoki su narke. Mai kallo kan ƙara ingancin zuwa 720p, wani lokaci ma manhajar ce ke ƙarawa da kanta ba tare da ya lura ba. Kamfanin Netflix ya bayyana cewa awa ɗaya ta kallo na iya cin mega 300 a mafi ƙarancin inganci, mega 700 a matsakaici, ta kuma kai jiga 3 a inganci na HD. Sauran manhajojin kallo ma ba su yi nisa da wannan tsari ba: hoto mai kyau, mega mai yawa. Wanda ke sayen forfe na kwana ɗaya ko na mako a Airtel, Moov Africa, Zamani ko Niger Telecom zai ga ya ƙare tun kafin fim ya kai rabi.

Akwai kuma batun layi. Tabilet iri biyu ce: mai Wi-Fi kaɗai, da mai ɗaukar katin SIM. Mai Wi-Fi kaɗai ta fi araha, amma gidaje da yawa ba su da Wi-Fi, don haka sai an raba mata intanet daga waya, abin da ake kira partaj. Hakan na aiki, sai dai yana shanye batirin wayar yana kuma sa ta zafi, kuma da zarar mai wayar ya fita, intanet ya fita da shi. Tabilet ɗin Fire na Amazon da ake kawowa daga waje Wi-Fi kaɗai suke da shi, ba sa kuma zuwa da Play Store na Google, saboda haka manhajoji da dama da aka saba da su ba sa samuwa kai tsaye. iPad mini ta 2024 mai layi kuwa ba ta da ramin katin SIM ko kaɗan, da eSIM take aiki. Kafin a saye ta sai a tambayi kamfanin layi ko yana ba da wannan.

Katin memori shi ne maganin tsadar intanet

Hanyar da jama'a suka daɗe da samo wa kansu ita ce kallo ba tare da intanet ba: a je wurin masu tura finafinai a bakin kasuwa ko tasha, ko a karɓa daga aboki ta Xender, ko a sauke da dare lokacin da rezo ya fi sauƙi. A nan ne wurin ajiya ya fi sunan kamfani muhimmanci.

Tabilet da aka rubuta wa jiga 64 ba duka ake samu ba, domin tsarin na'urar da manhajojin da ta zo da su sun riga sun cinye wani kaso. Fim na awa biyu mai matsakaicin inganci yakan ɗauki jiga 1 ko fiye kaɗan. Katin memori mai jiga 128 zai ɗauki irin wannan wajen guda 100. Galaxy Tab A9 da mafi yawan ƙananan tabilet na Android, irin na Lenovo da Redmi, suna da ramin katin memori. iPad ba ta taɓa samun wannan rami ba. Sababbin iPad mini masu bakin USB-C na iya karanta kile USB, amma tura fim daga wayar Android ko daga kwamfutar mai shago zuwa iPad ya fi wahala. Manhaja kyauta irin VLC tana buɗe kusan kowane irin bidiyo ba tare da intanet ba, kuma ana samun ta a ɓangarorin biyu.

Batiri, wuta da zafi

Mutane da yawa na ɗauka cewa tunda tabilet ta fi waya girma, batirinta zai ninka na waya. Ba haka ba ne a ƙananan. Galaxy Tab A9 batirin 5,100 mAh gare ta, wayoyi da yawa masu matsakaicin kuɗi kuma 5,000 suke da shi. Allon da ya fi girma ya fi shan wuta. Apple ya ce iPad mini na kai awa 10 ana kallo, amma irin wannan lissafi ana yin sa ne da matsakaicin haske. Wanda ya ƙure haske ya kuma ƙure murya ba zai ga haka ba. Cika batirin ma yana ɗaukar awanni a masu araha, don haka idan wutar NIGELEC na zuwa tana ɗaukewa, ba kullum ake samun cikawa ba. Batirin tafi-da-gidanka mai 10,000 mAh yakan cika irin wannan tabilet sau ɗaya da ɗan ƙari, domin wani kaso na wutar yana salwanta a hanya.

Zafi kuwa shi ne babban abokin gabar batiri. Apple ya ba da shawarar a yi amfani da iPad a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, sauran na'urori masu batirin lithium ma kusan haka ne. A watannin Afrilu da Mayu, garuruwanmu na wuce digiri 40 da rana. Idan na'ura ta yi zafi takan rage haske da sauri da kanta, ta daina caji, ko ta tsaya gaba ɗaya. Idan hakan ya yawaita batirin ya tsufa da wuri, wani lokaci ya kumbura har ya ɗaga allo. Kallo ana caji, ajiye ta kan katifa ko ƙarƙashin matashi, da barin ta cikin mota a rana, duk suna gajarta rayuwarta. Batirin da ya kumbura hatsari ne, a daina caji a kai wa mai gyara.

Hasken rana ma matsala ce. Yawancin ƙananan tabilet allon LCD gare su mai ƙyalli, wanda a tsakar gida da rana ke komawa kamar madubi. A ɗaki, a zaure, ko da dare a fada ana shan shayi ne suke nuna kyansu. Sannan galibinsu ba a yi su don jure ƙura da ruwa ba. Ƙurar hunturu na toshe bakin caja da ramukan lasifika, allon kuma saboda faɗinsa ya fi saurin fashewa idan ya faɗi, ga shi samun na canji ya fi na waya wuya.

Murya da ingancin hoto

Tabilet mai lasifika biyu, ɗaya a kowane gefe idan an kwantar da ita, ta fi daɗin kallo. Duk da haka muryar ba ta isar taron mutane a waje, sai an haɗa da lasifikar Bluetooth. A duba kuma ko tana da ramin ekuter na waya. Galaxy Tab A9 na da shi, iPad mini kuwa ta rabu da shi tun daga samfurin 2021. Rediyon FM, wanda ke cikin kusan kowace ƙaramar waya a ƙasar nan, babu shi a iPad da tabilet da yawa. Mai son jin labarai kyauta kada ya yar da tsohuwar wayarsa.

A fannin hoto, kuɗi na magana. Allon iPad mini mai inci 8.3 yana da ɗigo 2266 sau 1488, na Galaxy Tab A9 kuma 1340 sau 800. A kallon fim bambancin bai cika damun mutum ba, tunda yawancin abin da ake turawa bai wuce 720p ba. A karatun ƙananan haruffa ne ake ganin sa sosai. Akwai wani abu kuma da ba a rubutawa a kwali: tsarin kariya na Google mai suna Widevine. Tabilet mai matakin L1 na iya nuna Netflix da makamantansa a HD, mai matakin L3 kuwa ana tsayar da ita a ƙaramin inganci ko da intanet na da ƙarfi. Masu arahar da ba a san kamfaninsu ba galibi L3 ne.

Abin da ba za ta maye ba

Ƙaramar tabilet ba ta maye waya. iPad ba ta yin kira irin na layi, masu yi a cikin na Android kuma ɗora su a kunne aiki ne. WhatsApp yana aiki a kansu, tunda ana iya haɗa lamba ɗaya da wasu na'urori har huɗu, kuma a watan Mayun 2025 aka fitar da manhajarsa ta iPad. Kyamararsu ba ta kai ta waya mai kuɗi ɗaya da su ba. Gajerun bidiyoyin TikTok da Facebook da ake gungurawa da babban yatsa su ma sun fi sauƙi a waya.

Ba ta maye kwamfuta. Ɗalibin da zai rubuta kundin kammala karatu ko ɗan kasuwa mai dogon lissafi zai sha wahala a allon inci 8. Ba ta kuma maye talabijin ga iyali mai mutum goma.

Batun yara

Tabilet da yawa a hannun yara suke ƙarewa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allo, ƴan shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa ɗaya a rana. Manhajoji irin su Family Link na Google da YouTube Kids suna ba iyaye damar ƙayyade lokaci da abin da za a kalla. Hanya mafi sauƙi ita ce a bar tabilet ɗin yara ba intanet, a zuba mata abin da iyaye suka gani suka yarda da shi. Ga babba da yaro duka, likitocin ido na ba da shawarar a ɗaga kai bayan kowane minti 20 a dubi abu mai nisa na ɗan lokaci.

Kafin a biya kuɗi

iPad mini ta 2024 ta fito a Amurka a kan dala 499, wajen jika 300 na sefa a canjin lokacin, kafin a ƙara kuɗin sufuri da na duwan. Yawancin ƙananan tabilet na Samsung, Lenovo da Redmi ba su kai rabin haka ba. Ƙasa da su kuma akwai masu arahar gaske, waɗanda kwalinsu ke ɗauke da manyan lambobi kamar jiga 512. Da yawa daga cikin irin waɗannan an sauya musu rubutun ciki ne don su nuna abin da ba su da shi. Idan farashi ya yi ƙasa ƙwarai da abin da aka rubuta, a yi hattara.

Mai saye ya nemi a kunna masa na'urar a shago. Ya sa katin memorinsa ya kalli bidiyo na ƴan mintoci, ya ji murya, ya taɓa bayanta ya ji ko tana zafi. Ya sa layinsa ya tabbatar tana kama 4G. Ya duba RAM, kada ta gaza jiga 4 idan ana son ta daɗe ba ta fara nauyi ba. Ya nemi takardar saye da garanti a rubuce, ya haɗa da poshet da gilashin kariya tun ranar farko.

Mai sayen ta hannu kuma ya kula da abu biyu. Na farko shekaru: iPad mini ta farko ta tsaya a iOS 9, ta biyu da ta uku a iOS 12, kuma sababbin manhajojin kallo da dama ba sa hawa kansu. Na biyu makulli: idan tsohon mai ita bai cire asusunsa na iCloud ko na Google ba, na'urar na iya kullewa da zarar an goge ta. A sa mai sayarwa ya goge ta ya sake kunnawa a gaban mai saye.

Ga mai yawan kallo da karatu, mai tafiye-tafiye, ko gidan da ke son raba yara da wayar manya, ƙaramar tabilet mai ramin memori da batiri lafiyayye za ta biya kuɗinta. Wanda kallonsa bai wuce gajerun bidiyoyi da saƙonnin WhatsApp ba, wayar da ke hannunsa ta ishe shi, gara ya sa kuɗin a katin memori ko batirin tafi-da-gidanka. Hausawa dai sun ce sayen nagari, mai da kuɗi gida.